Bizar Aure a Birtaniya: Shawarwari Ga Ma'auratan da Ke Son Zama Tare

Da yawa daga cikin mutanenmu da ke Birtaniya karatu ne ya kai su, ko aikin asibiti, a can kuma Allah ya haɗa wasu da abokan zama. Idan ɗaya daga cikin ma'auratan ɗan ƙasa ne, ko yana da takardar zaman dindindin, ɗayan na iya neman bizar aure ba tare da ya bar ƙasar ba. Sai dai jami'in Ma'aikatar Cikin Gida, wato Home Office, da zai yanke hukunci bai halarci ɗaurin aurenku ba, bai san waliyyi ba, bai ga lefe ba. Abin da aka rubuta kaɗai yake gani. Mu kuwa mun taso a inda shaidar mutane ta ishi aure, shi ya sa aure na gaskiya kan faɗi a gaban jami'in da takarda kawai ya sani. Ƙa'idojin suna cikin sashen dokar shige da fice da ake kira Appendix FM, wanda ya fara aiki a Yulin 2012. Kuɗaɗen neman bizar sukan tashi kusan kowace shekara, don haka a duba shafin gov.uk a ranar da za a biya.

1. Ku fara sanin layin da kuke. Wanda zai tsaya wa mai nema dole ya kasance ɗan Birtaniya ko Ayilan, ko mai zaman dindindin, ko wanda aka ba mafakar gudun hijira, da wasu 'yan rukunai kaɗan. In maigida yana kan bizar aiki ko ta karatu, wannan ba hanyarku ba ce, taku ita ce bizar iyalin ma'aikaci ko ɗalibi, mai nata sharuɗɗan. Ku biyun kuma sai kun kai shekara 18, kun taɓa haɗuwa ido da ido. Wanda ya shigo da bizar ziyara ba ya sauya ta zuwa ta aure daga cikin ƙasa, ko da an ɗaura auren a can. Sai ya koma gida ya nema, ya yi gwajin tarin fuka a cibiyar da aka amince da ita, irin ta hukumar IOM a Abuja ko Legas. Wadda ta shigo da bizar baiko kuwa, wata shida gare ta: a ɗaura aure a ciki, a nemi sauyi kafin su cika, kuma ba ta da izinin aiki har sai sabuwar bizar ta fito. Wanda ya riga ya yi shekara huɗu a bizar aiki ya tsaya ya yi lissafi tukuna, domin komawa bizar aure na nufin a fara ƙirga shekara biyar daga farko.

2. Auren da aka ɗaura a falo ko a masallacin da ba shi da rajista a Ingila, doka ba ta san da shi ba. Wannan ita ce maganar da ta fi damuna a duk jerin nan. An tara jama'a, liman ya yi siga, an ba da sadaki, an raba goro da dabino, a wurin Allah da a wurinmu aure ya ɗauru. Amma a Ingila da Wales sai an bi tsarin Dokar Aure ta 1949 kafin hukuma ta kira ku mata da miji. A Fabrairun 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a shari'ar Akhter da Khan, waɗanda aka ɗaura wa aure a wani gidan abinci a Landan a 1998, suka zauna shekaru, suka haifi 'ya'ya, amma kotu ta ce a idon doka ba a yi aure ba. Mafita ita ce ko dai masallacin da aka yi wa rajistar ɗaurin aure, ko ofishin rajista na ƙaramar hukuma bayan an gama na addini. Za ku je ku ba da sanarwa, a jira kwana 28. In ɗayanku na ƙarƙashin dokar shige da fice, ana iya tura batun ga Home Office, su kuma su tsawaita jiran zuwa kwana 70 in suna son bincike. Saboda haka wanda bizarsa ta rage wata biyu ya riga ya shiga matsi.

Auren da aka ɗaura a Kano ko Zariya ko Maraɗi bisa shari'ar Musulunci daban ne. Muddin dokar ƙasar da aka ɗaura shi ta amince da shi, Birtaniya na karɓarsa, amma sai da takardar shaida daga hukuma. Kada a jira sai buƙata ta taso sannan a aika ƙani ya zaga neman hatimi. Waɗanda kuma na addini kaɗai suka yi a can suna da wata ƙofa, ta waɗanda suka shekara biyu cikin dangantaka irin ta aure, sai dai ita ba ta ba mace haƙƙin matar aure wajen gado ko rabon dukiya.

3. Auren baya sai an nuna ƙarshensa a rubuce: takardar saki daga kotu, ko takardar rasuwa. Sakin baki da aka yi a cikin Birtaniya bai raba auren da doka ta sani, sai kotu. Batun kishiya kuma a fili yake. Mace ɗaya kawai ake ba bizar aure a kan miji ɗaya, ko da duka aurarrakin halal ne a Najeriya. Ofishin rajista ba ya ɗaura wa mai igiyar aure wani auren, kuma ɓoye na farkon laifi ne da kan kai mutum kurkuku. Iyayen yarinya su yi wannan tambayar tun kafin a sa rana, kada su ji nauyi.

4. Ku nema kafin bizar da ke hannu ta ƙare, ko da da kwana ɗaya ne. Wanda ya yi haka, sashe na 3C na Dokar Shige da Fice ta 1971 ya rufa masa asiri: izininsa na nan da sharuɗɗansa har a yanke hukunci. Wanda ya bari ta ƙare ya zama mai zaman da ba izini, aikinsa da hayar gidansa duk sun shiga haɗari. Akwai sassaucin kwana 14, amma sai da dalili mai ƙarfi da ya fi ƙarfin mutum, kamar kwanciya asibiti. Bayan an tura takardu kuma ba fita. Da zarar mai nema ya tashi zuwa Najeriya ko Saudiyya kafin amsa ta zo, an ɗauka ya janye neman, kuɗin neman kuma na iya tafiya. Don haka a duba lokacin Umara da Hajji da bikin dangi kafin a danna maɓallin. Amsa kan ɗauki kimanin mako takwas, akwai kuma ta gaggawa a kan ƙarin fam 1,000 ga wanda larura ta kama.

5. Kuɗin shiga shi ne babban shinge. Daga 2012 zuwa Afrilun 2024 an riƙa neman fam 18,600 a shekara. Tun 11 ga Afrilun 2024 ya koma fam 29,000 kafin cire haraji. Waɗanda suka shiga layin kafin wannan rana suna ci gaba da tsohon ma'auni idan sun zo sabunta bizar. Wani sauƙi ga masu nema daga cikin ƙasa shi ne ana haɗa albashin miji da na mata, muddin mai neman yana da izinin aikin da yake yi. Ɗalibar da aka yarje wa awa 20 a mako kada ta kawo takardar albashin awa 35, domin da hannunta ta kai ƙarar kanta.

In albashi bai kai ba, ajiya na cike giɓin, ga yadda ake lissafin. A ce albashinku fam 25,000 ne, saura 4,000. A ninka 4,000 sau biyu da rabi, ya ba da 10,000, a ɗora 16,000 a kai. Ke nan sai kun nuna fam 26,000 a banki. Wanda ba shi da albashi sam sai ya nuna fam 88,500. Kuɗin kuma sai sun kwana wata shida cur a asusu da sunan ɗayanku ko ku biyun, ba tare da sun sauka ƙasa da adadin ba ko na yini ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan wanda ya tsaya wa mai nema yana karɓar tallafin naƙasa ko na kula da marar lafiya, ba a neman 29,000 daga gare shi, wani ma'auni mai sauƙi ake bi.

A ganina wannan adadi ya yi wa masu ƙaramin albashi tsauri, kuma ya raba gidaje da ba su yi laifin komai ba. Amma jami'in ba shi da ikon yafe ko fam ɗaya a wannan layin.

6. Takardun albashi su yi daidai da na banki har kwabo. Wanda ya yi wata shida ko fiye a wurin aiki ɗaya zai kawo takardun albashi na wata shida, bayanan banki na watannin nan, da wasiƙar wurin aiki mai faɗin matsayinsa, albashinsa, ranar da ya fara, da ko aikin na dindindin ne. Ku shimfiɗa su a tebur, ku bi wata-wata da biro: in takardar Maris ta ce an biya fam 1,874.20, a ga 1,874.20 ya shiga banki. Takarda ta ƙarshe kada ta wuce kwana 28 da fitowa a ranar da kuka tura nema. Wannan ƙa'idar ta kwana 28 ta kayar da mutanen da albashinsu ya ninka abin da ake nema. Wanda bai cika wata shida a sabon aiki ba, za a duba abin da ya samu a wata 12 da suka wuce. Direban tasi, mai kai saƙo da mai aski da ke cin gashin kansu, shekarar haraji cikakkiya ake dubawa, tare da shaidar hukumar haraji ta HMRC. Kuɗin hannu da ba su shiga banki ba, ba a biya musu haraji ba, ba su cikin lissafi.

7. Adashi ba ajiya ba ne a wurinsu, sai an kwasa an zuba a banki ya yi wata shidansa. Alkawarin yaya ko kawu cewa zai riƙa taimakawa ba ya shiga lissafi. Kyauta tana shiga in da gaske kyauta ce, an rubuta daga inda ta fito, ta kuma cika wata shida. Aron kuɗi a nuna a mayar, wanda wasu ke ɗauka dabara ce, yaudara ce a idon doka. Wanda ya sayar da gida ko fili a gida Najeriya zai iya amfani da kuɗin ko ba su cika wata shida a banki ba, in dai ya mallaki kadarar tun kafin watannin shidan kuma yana da takardun mallaka da na ciniki.

8. Ku tara shaidar cewa tare kuke zaune. A nan al'adarmu ke ba mu wahala. A gidan Bahaushe maigida ne ke riƙe da komai: haya da sunansa, wuta da ruwa da sunansa, harajin gunduma da sunansa. Uwargida na iya shekara biyu a gida ba wasiƙa ɗaya da ta zo da sunanta. Ga kunya kuma, ba kowa ke ɗaukar hoto kafaɗa da kafaɗa ba, wata ma ba ta kiran sunan mijinta ko a saƙon waya. Duk wannan mutunci ne a wurinmu, amma jami'in da ya buɗe fayil gidan mutum ɗaya yake gani.

Gyaran ba wuya, kuma bai taɓa mutuncin kowa ba. Tun makon farko a sa sunanta a takardar haya da ta harajin gunduma. A buɗe asusun banki na haɗin gwiwa, ko na cefane ne kawai. Ta yi rajista da likitan unguwa da adireshin gidan. A sami jaka ɗaya, duk wasiƙar hukuma, banki ko asibiti da ta zo a jefa ciki, kada a yaga ambulan a zubar. Ma'aunin da aka saba da shi wajen sabuntawa shi ne wasiƙu shida masu sunayenku tare, ko goma sha biyu in kowa da nasa, daga wurare uku ko fiye, a warwatse cikin shekara biyu. Hotunan kamu da walima suna da amfani, musamman waɗanda iyaye ke ciki, amma guda goma masu kwanan wata sun fi ɗari uku. Auren haɗi da iyaye suka shirya ba laifi ba ne a dokarsu, auren dole ne laifi, don haka ku faɗi yadda aka yi ba tare da ƙirƙiro labarin soyayya ba.

9. Suna ya zama iri ɗaya ko'ina. Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Mamman a takardar aure, ga mu mutum ɗaya ne, ga kwamfuta mutum uku. Haka Aisha da A'ishatu, haka wanda ya sa sunan garinsu a wata takarda ya cire a wata. A bi abin da ke fasfo, inda aka sami saɓani a haɗa da takardar rantsuwa. Duk takardar da ke cikin Hausa, Larabci ko Faransanci sai an haɗa ta da cikakkiyar fassarar ƙwararre, mai ɗauke da sunansa, kwanan wata da tabbacin cewa daidai take. 'Yan Nijar da Kamaru su kula da wannan.

10. Najeriya da Gana ba su cikin ƙasashen da aka yafe wa jarrabawar Turanci, kuma sakamakon WAEC ba ya wadatarwa. Matakin A1 ake nema da farko, magana da saurare kawai, A2 wajen sabuntawa, B1 wajen zaman dindindin. A yi ta a cibiyar da Home Office ta amince da ita, irin ta Trinity College London ko IELTS. Digirin jami'ar Birtaniya ya wadatar. Na Bayero ko Ahmadu Bello sai hukumar Ecctis ta tantance shi. Wadda Turancinta ya yi ƙarfi ta zauna B1 tun farko ta huta. Wadda kuma ba ta yi boko mai zurfi ba, maigida ya bar ta ta shiga ajin koyon Turanci na unguwa tun yanzu, wata talatin ɗin da bizar ke yi kafin sabuntawa ba nisa.

11. Gida ya ishe ku ba cunkoso. Zama da surukai ba matsala in kuna da ɗakinku, a karɓo wasiƙar mai gida da shaidar mallakarsa.

12. Ku yi kasafi tun da wuri. A farashin Afrilun 2025, nema daga cikin ƙasa fam 1,321 ne. Kuɗin lafiya fam 1,035 ne a shekara tun Fabrairun 2024, wato 2,587.50 na wata talatin, a biya gaba ɗaya. Za a maimaita duka biyun wajen sabuntawa, sannan zaman dindindin, a farashin Afrilun 2025, ya ci fam 3,029. In an ƙi ba da biza ana mayar da kuɗin lafiya, na nema kuwa ba ya dawowa. Bashin asibitin gwamnati na fam 500 ko fiye na iya jawo a ƙi, abin da kan faɗa wa wadda ta taɓa haihuwa a can tana bizar ziyara. A biya, a riƙe rasit. Wanda da gaske ba shi da hali akwai fom ɗin neman a yafe masa kuɗin, ana cike shi kafin babban neman.

13. Ba kowane mai cike fom ne lauya ba. Ba da shawarar shige da fice ba tare da rajista ba laifi ne a Birtaniya tun dokar 1999. A duba sunan mutum a rajistar hukumar IAA, wadda kafin Janairun 2025 ake kira OISC, ko ta lauyoyi, SRA. Duk wanda ya ce zai “gyara” takardar albashi ko ta banki, ku tashi ku bar masa ofishinsa, domin sunanku ne a kan fom ɗin, tabon kuma ku zai bi shekaru. Ku faɗi duk wata biza da aka taɓa hana ku, ko ta wace ƙasa ce. In aka ƙi ba ku, kwana 14 gare ku ku ɗaukaka ƙara daga cikin ƙasa, a ranar da wasiƙar ta zo za ku nemi lauya.

14. In ta fito, wata 30 ce. An daina katin roba tun ƙarshen 2024, yanzu bizar tana intanet, a asusun UKVI na Home Office. Imel da lambar wayar da aka buɗe asusun da su su zama na mai bizar, kalmar sirri kuma tana kanta. Na faɗi haka ne don mata, domin sau da yawa maigida ko wani ɗan'uwansa ne ke cike komai da wayarsa, ita ba ta ma san ranar da izininta zai ƙare ba. Fasfonta ya zauna inda hannunta zai kai. Bizar ta ba da izinin aiki da karatu, amma ba ta ba da damar karɓar tallafin gwamnati irin su Universal Credit da sunan mai bizar. A rubuta ranar ƙarewa a kalanda. Bayan wata 60 a wannan layi, da B1 da jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya mai tambaya 24, sai zaman dindindin. Watannin bizar baiko ba su cikin lissafin.

15. Allah ya kiyaye, amma a san wannan tun ana zaman lafiya. In aure ya mutu dole a sanar da Home Office, su kuma sukan rage bizar zuwa kwana 60. Mai ɗa ɗan ƙasa na iya neman zama a matsayin uwa ko uba. In wanda ya tsaya miki ya rasu yana ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin, kina iya neman zaman dindindin nan take ba jiran shekara biyar, don haka kada kowa ya ce ki tattara ki koma gida kina cikin takaba.

Wadda ake cuta kuma, 'yar'uwa, ki ji da kyau: mijinki ba shi da ikon korar ki daga ƙasar, duk yawan faɗin “ni na kawo ki”. Cuta a dokarsu ba duka kaɗai ba ce. Ƙwace fasfo, hana fita, riƙe albashinki, tsoratarwa da biza, ko daga miji ko daga danginsa, duk suna ciki, kuma juya mutum ta hanyar takura laifi ne a Ingila da Wales tun 2015. Akwai izinin wata uku na musamman da ke ba ki damar samun tallafi da mafaka, a cikinsa ki nemi zaman dindindin da sunanki ke kaɗai, ba tare da sa hannunsa ba. Tun 31 ga Janairun 2024 har wadda aka yaudara aka kai gida “hutu” aka ƙwace takardunta aka baro ta tana iya nema daga can. Abin da za a tambaye ki shaida ce, saboda haka ki faɗa wa likitanki ko ungozoma abin da ke faruwa su rubuta, ki adana saƙonnin waya a inda ba zai gani ba. Layin taimako na ƙasa kyauta ne dare da rana a 0808 2000 247, suna samo tafinta, in kuma rai na cikin haɗari a kira 999.